Ranar da Ƙasimu Ya Kai Kekensa Rurum

Duk wanda ya zauna a Unguwar Gai a shekarun farko na komawa mulkin farar hula ya san Ƙasimu mai keke. Dogo ne siriri, mai ƙaramar murya, wanda in ka yi masa sallama da ƙarfi sai ya zabura kamar ka tarar da shi yana wani laifi. Tun yana yaro haka Allah ya yi shi. Abokan wasansa kan ce ko akuya ce ta yi atishawa a bayansa sai ya nemi tsari. Shi kuwa ba ya musu, sai ya yi ɗan murmushi ya ce ai matsoraci ne ke kai labari gida.

A Rano yake aiki, a wani injin casar shinkafa. Shi ke zuba shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a bakin inji, shi ke janye buhu in ya cika, shi ke kwashe ɓuntu. Kullum kafin rana ta ɗago ya fita, sai tana gab da faɗuwa za ka gan shi ya dawo, gashin girarsa fari fat da ƙurar inji. Abin da ke kai shi yana dawo da shi kuwa wani keke ne da ba a taɓa ganin irinsa a ƙasar Kibiya ba.

Keken nan asalinsa na surukinsa ne, mahaifin matarsa Lami. Ni da ba 'yarsa nake aure ba zan iya faɗin sunansa: Malam Manu. Dattijo ne mai tsare gida, ba ya yawan magana, ba a ganin haƙoransa a banza. Ɗansa Ismail da ke neman kuɗi a Legas ne ya aiko masa da shi daga gwanjo, irin keken nan na Turawa da aka ce don hawa duwatsu aka yi shi. Ja wur, tayoyi jibga-jibga masu ƙuraje, giya gaba da baya, kansa a miƙe kamar sanda, sirdinsa kuwa ɗan tsito, sai ka ce don azabtar da mutum aka ƙera shi. Tsohon ya zaga shi sau ɗaya, ya ce shi ba zai tsufa da goho a kan titi ba. Da yake suruki ba ya miƙa wa suruki abu hannu da hannu, sai ya ba matarsa Fanta, ita kuma ta kira Lami ta ce, "Babanku ya ce a kai wa yaron nan, hanyar Rano na cinye shi."

Ƙasimu ya tura keken har Kibiya wajen Munzali mai gyara, suka zauna suka mai da shi keken mutane. Aka cire giyoyin nan duka aka rage sarƙa. Aka sa masa kai mai lanƙwasa irin na tsofaffin kekuna, da faffaɗan sirdi, da madigadi saboda taɓon damina, aka kai wa mai walda ya liƙa masa kariya da za ta ɗauki buhu. Ya fito wani iri, shi ba na Turawa ba, shi ba na gargajiya ba. Aka yi ta yi masa dariya, amma shekara da shekaru keken nan bai taɓa kwana da shi a hanya ba.

To, sai siyasa ta zo. Mai injin ya ga kowa na zama wani abu, shi ma ya ce kansila yake so. Ya sayar da inji, ya buga hotuna, ya sha kaye. Ƙasimu ya wayi gari ba aiki. Ya yi zaman jira, ya yi ɗan dako, har gajimare ya fara haɗuwa a gabas, gona na jiran taki, shi kuwa ba abin da ya mallaka da za a kalla a taya sai keken nan. Can cikin ransa ya yanke shawarar sayar da shi, kuma daga nan ne kunya ta taso masa. Kyautar suruki ce. A ce mijin Lami ya kai kyautar uban Lami kasuwa? Ai gara ƙasa ta tsage ya shige.

Sai ya yi dabara, irin dabarar matsorata da ke jefa mutum inda bai zata ba. Ya sayo baƙin fenti, ya ja keken bayan rumbu ya shafe shi tas, wai don ya yi kyan gani, kuma ko wani ɗan Unguwar Gai ya gan shi a hannun sabon mai shi ba zai gane ba. Lami ta leƙo ta ce, "Malam, me ya sami jan?" Ya ce tsatsa ce ta fara ci. Ta dube shi, ta dubi keken, ta koma ɗaki. Zancen kasuwar Kibiya kuwa bai taso ba, can Munzali yake, kowa ya san keken. A Rano ma abokan aikinsa ne birjik. Saboda haka ranar da kasuwa ke ci a wajen Rurum ya yi sammako, ya ratsa Rano bai tsaya ba, ya yi ta tuƙi zuwa inda babu mahaluƙin da ya san shi.

Ga abin da Ƙasimu ya sani sarai amma kunya ta rufe masa ido. Ba a sayar da keke kamar yadda ake sayar da kaza. Akwai rumfar dillalai, kai kekenka za ka yi ka zauna, su tambaye ka daga ina kake, wa ya san ka a kasuwar, wa zai tsaya maka in magana ta taso daga baya. Sai an sami wannan sannan a fara taya. Shi kuwa tambayar nan ita ce yake gudu. Don haka ya kauce wa rumfar, ya raɓe a gindin wata darbejiya kusa da masu sayar da igiya, yana riƙe da keke yana waige-waige. In mutum ya gifta sai ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ba ka son keke?"

Don Allah a duba wannan hoto. Baƙon fuska, keke na warin sabon fenti, ya ƙi dillalai, yana raɗa, yana waige. Ko uwarsa ce ta gan shi a haka sai ta yi shakka.

Kuma wane lokaci ne? Shekarar ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a Kano ba. Kowace majalisa zancen ke nan. An ji a rediyo an yanke wa wani hannu a Zamfara saboda saniya, aka kuma ce an yanke wa wani saboda kekuna. Mu dai a nan ba mu ji an taɓa hannun kowa ba, amma tsoro ba ya tambayar iyakar jiha.

Wani mai jar hula ya tsaya ya latsa taya, ya yi tayin da ko kuɗin sirdin da kariyar bai kai ba. Mai kaya na gaskiya zai ce albarka, ya ɓata rai, ya rantse da abin da ya kashe. Ƙasimu, da yake so kawai ya rabu da abin ya bar garin, sai ya yi caraf ya ce, "Na sallama."

Mai jar hula ya janye hannunsa daga aljihu. Ya ƙare masa kallo daga hula har silifa. Ya ce, "Haka da sauri? Tsaya ina zuwa."

Da Ƙasimu na da wayo da ya hau kekensa. Da ya hau kuma da an bi shi da gudu, don haka ban san wanne ya fi ba. Ya tsaya. Jim kaɗan mai jar hula ya dawo da wani ƙaƙƙarfan saurayi, Musbahu, ɗan Rurum Tsohon Gari, wanda aka sace wa irin wannan keke a ƙofar masallaci bai fi wata guda ba. Musbahu bai ko yi sallama ba. Ya durƙusa ya dubi tayoyin nan masu ƙuraje, ya shafa ƙarfen, ya shinshina yatsunsa.

"Nawa ja ne," in ji shi. Ya zaro 'yar wuƙa ya kankare baƙin fentin.

Ja ya bayyana, wur.

Wayyo Allah! Ƙasimu ya ja da baya. Kafin ya buɗe baki Musbahu ya ci kwalarsa ya kurma ihu, "Ɓarawo! Jama'a ga ɓarawon kekena! Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya!"

Kasuwa ta watse ta haɗu a kansu. Masu igiya, masu barkono, 'yan acaɓa, mahauta da jini a riga. Wani ya make masa ƙeya hularsa ta faɗi, wani ya zabga masa mari ta baya har ya ga wuta. Yana cewa, "Wallahi nawa ne, wallahi tallahi," amma muryar tasa ko shi kansa ba ya jinta. Sai ya ji wani daga baya ya ce, "Ku bar dukansa, ai yanzu zamani ya sauya. Hannun kawai za a cire."

Wannan maganar ta fi marin shiga. Ƙasimu ya dunƙule hannunsa na dama ya cusa a hammata, ya matse. Da wannan hannun yake riƙe fartanya, da shi yake cin tuwo, da shi yake gaisawa da mutane bayan sallar Juma'a. Ya ga kansa yana shiga Unguwar Gai da dungu, ya ga Lami, ya ga 'ya'yansa ana nuna su. Sai ya zube a ƙasa.

Allah ya taimake shi da mutum biyu. Ɗaya wani ɗan hisba ne, Lukman, da ya kutsa cikin taron yana ɗaga sanda yana cewa duk wanda ya ƙara taɓa shi sai ya yi bayani, shari'a ba ihu ba ce. Ɗayan kuma Shitu ne, sarkin dillalan kekuna, tsoho mai furfura a kunne. Su suka janye shi zuwa rumfa, aka zaunar da shi a ƙasa, aka jingine keke a gabansa, jama'a suka yi da'ira har iska ba ta shiga.

Shitu ya ce, "Bawan Allah, kwantar da hankalinka. Daga ina?"

"Unguwar Gai, ranka ya daɗe."

"Ta Kibiya? Ka tsallake Kibiya, ka tsallake Rano, ka zo nan sayar da keke? To wa ya san ka a nan?"

"Babu."

Taron ya yi guna-guni. Shitu ya ce, "A ina ka saya?"

"Ban saya ba. Ba ni aka yi."

"Madalla. Wa ya ba ka?"

Nan Ƙasimu ya sunkuyar da kai. In ya faɗa, aikawa za a yi a ɗauko tsohon, ya zo ya ga kyautarsa a kasuwa an shafe ta da baƙi. Ya dubi ƙasa, ƙasa ba ta ce masa komai ba. Lukman ya ce, "Malam, yi magana, shirun nan cutarka yake yi." Da ƙyar ya ce, "Baba ne."

"Mahaifinka?"

"A'a. Baban... na gidanmu. Mahaifin mai ɗakina."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai, sun gane inda gizo ke saƙa. Amma Musbahu ya daka tsalle. "Kowane ɓarawo yana da suruki! In gaskiya ne ya faɗi sunansa mana! Sunansa!" Matasan da ke bayansa suka ɗauka, "Sunansa! Sunansa!"

Tun ranar da aka kai gaisuwar neman auren Lami, sunan nan bai taɓa fitowa daga bakin Ƙasimu ba. Ko wani mai irin sunan ya haɗu da shi, sai dai ya ce masa mai sunan Baba. In ya hango tsohon a hanya sauka yake daga keke, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna nesa. Yanzu a ce ya kwance sunan a tsakiyar kasuwa, gaban mahauta? Ya buɗe baki, harshe ya ƙi. Aka ce tsoro na daji kunya na gida, to shi ranar su biyun suka tare shi wuri guda.

Shitu ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ɗana, na san abin da ke damunka, mu ma muna da surukai. Amma dubi mutanen nan. Ni tsoho ne, shi kuma wannan sanda ɗaya gare shi. In suka ɓalle ba mai tare su. In kuma aka wuce da kai gaban alƙali, ba ni da ta cewa."

Wani dutse ya faɗo kan kwanon rumfar, ƙwaram! Ƙasimu ya zabura, ya ƙara matse hannunsa. Sai ya rufe ido, hawaye suka zubo, ya ce da wata murya kamar ta ɗan akuya, "Malam Manu. Malam Manu na Unguwar Gai."

Ya faɗa. Sama ba ta faɗo ba, amma shi ya ji kamar ya yi tsirara. Nan take Lukman ya sami ɗan acaɓa ya ce ya je ya zo da dattijon, in ya yarda.

Jiran nan shi ne azabar. Rana ta take tsaka, ta karkata. Aka kira azahar, Lukman ya raka shi ya yi alwala, yana wanke hannun dama yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa. A sallar ma bai san abin da ya karanta ba. Tunani iri-iri: in tsohon ba ya gida fa? In yana gida ya ce shi bai san zancen ba, don fushi? In ya zo ya dubi baƙin keken nan ya ce nasa ja ne, wannan bai san shi ba? Taron ya ragu amma bai watse ba, Musbahu kuwa yana zaune a kan benci ya kafa masa ido. Wata mai fura ta tausaya ta miƙo masa ludayi, ya ce ya gode, bai karɓa ba.

Bayan la'asar aka ji ƙarar babur. Jama'a suka dare. Ga Malam Manu a baya, ya ƙanƙame ɗan acaɓa da hannu biyu, rawaninsa ya warware, gemunsa ja da ƙura. Mutumin da bai taɓa yarda ya hau babur ba a rayuwarsa. Aka taimaka masa ya sauko. Ƙasimu ya ja jiki ya koma lungun rumfa, ya tsuguna, ya kifa fuska a gwiwa.

Tsohon ya gaisa da Shitu, ya gaisa da Lukman, bai dubi lungun ba. Ya tsaya gaban keken ya daɗe yana kallo. Ya sa ɗan yatsa a inda aka kankare.

Lukman ya ce, "Baba, ka san keken nan?"

"Na san shi. Nawa ne."

Kasuwa ta ɗauki sowa. Musbahu ma ya miƙe baki buɗe, don shi ba haka ya so ba. Ƙasimu ya ji duniya ta juya, ya ce a ransa shi ke nan, hannu ya tafi.

Malam Manu ya ɗaga tafinsa, ya jira har aka yi tsit. "Nawa ne a da. Yarona ya aiko mini daga Legas, shekarun baya, duk Unguwar Gai shaida ne, mai gyaran da ya sauya masa kai yana nan Kibiya da ransa. Ni na ba wannan yaron, ta hannun iyalina. Abin da ka ba mutum kuwa ya zama nasa. Ya ga dama ya hau, ya ga dama ya sayar, ya ga dama ya jefa rijiya. Wa ya mare shi?"

Waɗanda ke gaba suka fara sulalewa. Ɗan acaɓan ya ƙara da cewa shi da ya isa garin, kafin ya gama tambaya mutane sun ce ai keken Ƙasimu ne, kowa ya san shi. Musbahu ya sake durƙusawa ya dubi waldar kariyar da ta daɗe da yin tsatsa, ya miƙe jiki a sanyaye, ya ce a yafe masa, zafin rashi ne. Shitu ya yi masa faɗa, ya juyo ya yi wa Ƙasimu nasa: gobe in zai sayar da ko tayar keke ce, ya bi ta rumfa. Wani ya kawo masa hularsa, an tattake ta.

Saura komawa gida. Ɗan acaɓa ya tayar da babur, Malam Manu ya dube shi ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai sake hawa wannan shaiɗanin ba. Mota kuma ta riga ta tashi. Shitu ya dubi tsoho, ya dubi keke, ya dubi Ƙasimu, ya ce, "To, ai ga abin hawa."

Haka aka yi. Mutum biyu da ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba, ga su a keke ɗaya. Tsohon ya zauna a kariya ya karkace, ya riƙe gefen rigar surukinsa da 'yan yatsu. Ƙasimu na tuƙi, gumi na bin bayansa, yana kaucewa kowane rami kamar ƙwai ya ɗauko. Tsoron kasuwa ya tafi, wani ya maye gurbinsa, don ya san maganar na nan tafe. Suka bar Rurum, suka bi gonakin da aka share ana jiran ruwa. Sai da duwatsun Rano suka fito sosai sannan ya ji gyaran murya a bayansa.

"An ce ka faɗi sunana a kasuwa."

Keke ya yi tangal-tangal, saura ƙiris su zube. Ƙasimu ya ce, "Baba, a gafarce ni. Tilas ce ta..."

"An ce sai da aka yi ta fama da kai."

Ƙasimu ya ci gaba da tuƙi.

Tsohon ya saki rigar, ya ɗora tafinsa a kan kafaɗar Ƙasimu ta dama, ya riƙe sosai. Ya ce, "Da ka bari an taɓa hannun da ke ciyar da jikokina saboda sunana, da har in mutu ban yafe maka ba." Ya ɗan numfasa. "Ranar kasuwar Kibiya ka kai shi rumfar dillalai. In sun tambayi wanda zai tsaya maka, ina nan zaune."

Hanya ta dushe wa Ƙasimu, ya kasa sakin kan keke ya share ido, haka ya yi ta tuƙi yana kuka, hannun tsohon na kafaɗarsa.